Wayoyi uku da masu kwanan tasha

Ni dai shagon caji nake da shi a Sabon Garin Zariya, ɗan akurki ne kusa da tasha, ina haɗawa da POS da tura wa'azi da karatu a memori. Duk wanda ya san wannan sana'ar ya san ba a tashi da wuri, sai sha ɗaya ta gota nake jan ƙofa. To a wannan lokacin ne wasu mutane ke fara shimfiɗa kwali a ƙarƙashin rumfunan 'yan tireda, wani da buhu wani da tsohon bargo. Wlh shekara uku ina wuce su kullum amma da ƙafa na san su ba da fuska ba, saboda in sanyi ya shigo kowa kansa yake rufewa ƙafar ce ke leƙowa. Akwai mai faso kamar an tsaga da reza, akwai mai silifas ɗaure da waya da yake kwana da shi a ƙafa don kar a ɗauke. Iyakar sanina da su kenan.

Watan Disamba na 2023, hunturu ya kankama, wani dattijo ya fara zuwa shagona da wata itel ƙarama duk ta sha roba. Ba layi a ciki. Zai ba da kuɗin caji, ya dawo da la'asar ya karɓa ya koma gefe ya kara a kunne. Rannan dai na kasa haƙuri nace Baba wai me kake saurare ne a wayar da ba ta da layi? Sai ya miƙo min. Hayaniyar biki ce, guɗa da kalangu da muryar mata, minti biyu da 'yan kai. Yace bikin ɗiyarsa ne a ƙauyensu can wajen Tsafe, kafin 'yan bindiga su tashe su. Na miƙa masa zan koma kan aikina sai yace, "Ɗana, wagga waya tana ɗaukar maganar mutum in ya yi?" Nace sosai ma Baba. Yace to yana da magana.

Na zaci labarin yadda aka kore su zai bayar. Ina! Iyakokin gonakinsa yake so ya faɗa. Daga tsamiya zuwa bakin rafi, daga gawon da tsawa ta raba zuwa fegin wane, wadda ya gada da wadda ya saya da wadda aka ba shi jingina da shaidun da aka yi a gabansu, wa ya mutu wa ke raye. 'Ya'yansa sun watse, shi kuma yana jin jikinsa, yana tsoron ya mutu a tashar Zariya da wannan a cikinsa. Minti ashirin da bakwai ya yi bai yi gargada ba. Ni ina riƙe da waya hannuna har ya gaji, kostoma biyu suka tafi.

Daren nan ban yi barci sosai ba. Washegari na kira abokina da ke ɗaukar bidiyon biki, da wata 'yar baffana da ta karanta wasan kwaikwayo a ABU, Malama muke ce mata don tana koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Ita ta fara gaya min abin nan ba sabo ba ne, tun shekarun 1970 malaman sashensu ke fita ƙauyukan kewayen Samaru suna haɗa wasa da manoma, manoman ne ke kawo matsalar su kuma taka rawar da kansu. Tace mu gwada irinsa amma da waya. Ba ƙungiya muke da ita ba, ba wanda ya ba mu ko sisi, kar wani ya zo inbos yana tambayata fom.

Zuwanmu na farko abin kunya ne. Abokina ya ɗauko babbar kyamararsa da mai ƙafa ukun nan da fitila, ya sha rigar aiki mai aljihu goma, muka dira bayan isha'i. Kafin ya gama kafa ƙafafun rumfa ta zama wayam, har wani ya bar takalminsa. Mai shayin bakin tasha, wanda ya fi shekara ashirin a wurin, ya bar mu muka gama zare ido sannan yace, "Mai caji, kai ma? Ku 'yan boko kullum da tambaya kuke zuwa, ba kwa zuwa da gaisuwa." Shi ya tuna mana abin da ya kamata mu sani. Tun 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar Sabon Gari, gwamnatin jiha ta hana bara a titi, sannan a 2020 lokacin korona aka riƙa kwashe almajirai a mota ana mai da su jihohinsu. Duk wanda ya ga waɗannan da idonsa in ya hango kyamara da fitila da daddare ai ba zai tsaya tambayar sunanka ba. Ga kuma 'yan TikTok da ke zuwa su miƙa wa mutum ɗari biyar a gaban waya, wani ma in ya gama ɗauka sai yace a maimaita bai fito da kyau ba.

Sai muka koma baya. Muka je gaida mai unguwa da goro, muka je wurin shugaban 'yan tasha, muka sami maigadin layin shagunan wanda shi ne ainihin mai cewa wa zai kwana wa ba zai kwana ba. Daga nan sati biyu cur ba mu fito da waya ba. Zama kawai a bencin mai shayi, mu sayi shayi da biredi mu raba, a yi hirar tsadar masara da ta mota, don tunda aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ba hirar da ta fi wannan ci. A nan na gane kuskurena na biyu, wato ɗauka da na yi duk iri ɗaya ne. Akwai 'yan gudun hijira irin Baba daga Zamfara da yankin Birnin Gwari da Giwa, akwai 'yan ci-rani da ke da gida da mata a ƙauye amma ba za su kashe kuɗin haya ba, akwai 'yan dako, akwai 'yan bola jari, akwai wanda rigimar gado ta fitar da shi daga gidan ubansa a cikin garin nan, akwai mai taɓin hankali da ba mu san yadda za mu yi da shi ba sai dai shayi. Kuma kusan duk suna aiki. Da yawansu in kace musu mabarata sai an raba ku.

Mutum goma sha ɗaya suka yarda. Malama ta bugo takardar amincewa mai kyau da wurin dangwala yatsa, ba wanda ya taɓa ta. Wani yace shi rabonsa da dangwala yatsa tun ranar da ya rasa fili. Sai muka yar da takardar, aka koma kowa ya faɗa da bakinsa a farkon naɗi, ni wane, yau ranar kaza, na yarda a ɗauki wannan, kuma ga wanda na yarda ya ji. Sannan wani matashi ɗan bola jari, bai wuce ashirin ba, ya kawo sharaɗin da ya zama ginshiƙin komai. Yace in mutum yace a goge, a goge a gabansa. Nace ai wannan ba matsala. Yace, "A'a oga, har can inda yake zuwa ya ɓuya kwana talatin." Yaron nan bai taɓa shiga aji ba amma ya san kwandon sharar waya, don ya sha tsintar matattun wayoyi yana kai wa masu gyara.

Muka haɗa kuɗi muka sayo Tecno uku na hannu a PZ, duk fuskarsu a fashe amma kyamara da makirfon lafiya lau, da memori goma sha ɗaya, kowa da nasa. Wayar tana kwana a shagona a caji, da safe wanda ranarsa ce ya zo ya sa memorinsa ya tafi da ita, da dare ya dawo da ita ya cire abinsa. Koyarwar ba ta da yawa. Kar ka fuskanci rana, ka bar ta a bayanka. Ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari don kar hoto ya yi rawa. In ka danna ka ƙirga uku kafin ka fara magana. Iskar hunturu kuwa ta ba mu wahala, duk abin da aka ɗauka a satin farko fuuuu kawai kake ji, sai da muka yanka tsohuwar safa muka ɗaura a gindin wayar da kyauro. Maganar murya kuma lokaci biyu ne kawai ke da shiru a tasha, bayan an kashe janareto wajen ɗaya na dare, da ɗan tsakanin nan bayan asuba kafin 'yan kamasho su fara kiran Kano Kano, Funtuwa Gusau.

Matsalar ita ce in ka ba mutum waya kace ba da labarinka, sai ya koma irin muryar da ake yi wa mai kuɗi. A taimaka mana, muna cikin wani hali, Allah ya ba da lada. Kusan duk haka suka fara, kamar an raba musu a takarda. Ba laifinsu ba ne, ita ce kaɗai maganar da aka taɓa tsayawa aka saurara daga bakinsu. Malama ce ta karya wannan. Tace gobe kowa ya zo da abu ɗaya da ba zai sayar ba ko yunwa za ta kashe shi, ba kuma za a yi maganar wahala ba, maganar abin za a yi.

Ranar nan har yanzu tana idona. Muna zaune a bayan shagona an kunna 'yar wuta da kwali. Wani ya ciro makulli ɗaure da zare a wuyansa, na ɗakin da yanzu ko bango babu. Wani allonsa, rubutun ya dushe amma yace a Tabara ya tsaya. Wani dattijo mai ciwon ƙafa ya fito da katin aiki na wata masaƙa a Kakuri ta Kaduna, an lulluɓe shi da leda uku, hoton ciki saurayi ne da gashi kamar kwando, ya shekara goma sha shida a kan inji ɗaya kafin masaƙar ta rufe. Da ya fara kwatanta ƙarar injinan da bakinsa da yadda ake gane zare zai tsinke tun kafin ya tsinke, sai ga mutumin ya miƙe zaune, murya ta canza, yana gyara wa mutane kuskure. Ni ban taɓa jin ya haɗa jimla biyar ba kafin ranar. Aka yi dariya sosai, har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo.

Ɗan bola jari shi ya fi kowa kama abin. Ya ɗauki yininsa guda tun daga asuba, ya ɗaure wayar a hannun kurarsa. Za ka ga maganaɗisun da yake ja da igiya a cikin kwata, ka ga yadda yake bambance dalma da jan ƙarfe da gorar ruwa, ka ga sikeli da gardamar da ake yi a kansa, ka ji wata mata daga cikin gida tana cewa a rufe ƙofa ga ɓarayin nan sun zo, shi kuma ya juyo da wayar ya kalle ta ya ɗaga gira kawai. Almajiri ne da, yana cikin waɗanda aka mayar gida a 2020, ya tarar mahaifin ya rasu gidan ba mai ɗaukar nauyin wani, bayan wata huɗu ya hau bayan tirela ya dawo. A cikin bidiyon ne ya faɗi maganar da ta gyara min tunani. Yace mutane na zaton barci ne matsalar wanda ba shi da ɗaki, alhali barci ko a tsaye ana yi. "Ajiya ce matsalar. In na samu dubu biyar yau dole in cinye ta ko in kwana a kanta, in na sayi riga ta biyu ina zan sa? Shi ya sa kullum muke farawa daga farko." Ya nuna yadda yake biyan kuɗin gidan wanka, da yadda yake tura kuɗi cikin safa ya sa takalmi a ƙarƙashin kai.

Mata biyu ne a cikinmu, ɗaya ta daina zuwa tun sati na biyu. Ɗayar, Inna, tana wanke-wanke wurin wata mai abinci, tana kwana a wani kango da jikoki biyu. Tace ita ba hoto, ba kuma namiji a wurin. Ita da Malama suka riƙa shiga kangon su biyu, sun yi zama biyar. Abin da na sani kawai shi ne akwai waƙar niƙa a ciki don Malama ta dawo tana rera ta ba ta sani ba. Da aka gama Inna ta karɓi memorinta ta ƙulle a gefen zani tace, "'Yar nan, na faɗa na huta, ba sai kowa ya ji ba." Abokina ya ji haushi, wai an ɓata caji da lokaci a abin da ba za a nuna ba. Ni ma a lokacin raina ya ɗan sosu, ba zan yi ƙarya ba.

To yanzu ga inda muka tafka ta.

A zama na uku da Baba, yana cikin lissafin shanunsa sai ya zo kan wani bijimi da ya rena tun yana maraƙi, kawai sai murya ta karye, ya sa hannun riga ya share ido. Daƙiƙa arba'in ne. Abokina, da zuciya ɗaya yace, ya yanko wurin ya sa masa kiɗan tausayi ya ɗora a status ɗinsa na WhatsApp, wai don mutane su san muna wani abu. Kafin kwana biyu wani da ba mu sani ba ya sauke ya kai TikTok, ya rubuta a taimaki wannan bawan Allah, ya manna lambar asusu. Ba ta Baba ba, Baba ko asusu ba shi da shi. Abin ya yi ta yawo har Facebook, mutane na ta Allah sarki a kwament. Ya je har wayar surukinsa a Gusau, mutumin da Baba ya ba 'ya da buhunan gero a lokacin da yake da shi, ga shi yanzu yana kallonsa yana kuka a kan kwali.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zo ya karɓi itel ɗinsa ya biya kuɗin caji, abin da na hana shi yi tun tuni, ya ajiye min a kan tebur ya tafi. Kwana tara ba ya kwana a rumfar. Mutum huɗu suka dawo mana da maganar su a cire su, muka goge nasu a gabansu har kwandon sharar, ciki har da wani naɗi na mai makullin nan da har yau nake jin zafinsa. Mun yi rifot ɗin bidiyon, mun sa abokai sun yi, wani ya sauka wani ya sake fitowa. Ai abin da ya shiga intanet ya zama ruwan da ya zube.

Mai shayi ne ya gano yana kwana wajen Kwangila, ya haɗa mu da limamin masallacin tasha muka je mu huɗu. Abokina ya durƙusa har ƙasa. Baba ya daɗe yana kallon titi sannan yace, "Ni manomi na. Kun maishe ni mabaraci, kuma wani ya amshi sadakar." Liman ya yi ta ba da baki. A ƙarshe yace ya yafe don Allah, amma in za a ci gaba, ba abin da za a yanka ko a haɗa sai yana zaune. Haka aka yi, kuma ba shi kaɗai ba, kowa.

Wannan ya mai da aikin ninki uku. Shagona ba ya ɗaukar mutum huɗu, ga zafin caja, ga kostomomi na leƙe, mu kuma muna kan CapCut, manhajar yanka bidiyo, da mai labarin a gefe yana cewa mayar, cire, bar shi. Rigimar da aka fi yi a kan gaisuwa ce. Baba ya buɗe nasa da salati da gaida sarakunansu da ambaton ubansa da kakansa da kakan kakansa, minti shida kafin ya shiga magana. Abokina yace Baba mutanen yanzu ba sa wuce daƙiƙa talatin za su wuce. Yace su wuce mana, ba don su ya yi ba. Wurin bijimin kuwa ya sa an bar lissafin an cire kukan. Dattijon masaƙa shi kuma ya sa an cire duk inda ƙafarsa ta fito. Ɗan bola jari ya ƙi a cire matar da ta kira shi ɓarawo amma yace a rufe ƙofar gidan kar a gane, wai tana ba shi tuwo wani lokacin.

Ana cikin haka waya ɗaya ta ɓace. Kowa ya kalli ɗan bola jari, har ni, Allah ya yafe min. Kwana uku sai ga dattijon masaƙa ya zo da sanda yace shi ne, ya sayar ya sayi allurai da magani, ƙafar ta hana shi barci. Ya buɗe ledar katin aikinsa ya ciro memorin, ya cire shi kafin ya sayar. Ban san me zan ce masa ba. Malama tace tun farko laifinmu ne da muka ba mai ciwo waya ba mu tambaye shi ƙafarsa ba. Da biyu muka ƙarasa. Yaron kuma na ba shi haƙuri, yace ba komai oga ai na saba, wannan ba komai ɗin ta fi zagi ciwo.

Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumin 2024 muka nuna. Ba a intanet ba, sun ce a'a, a ƙofar gidan mai unguwa. Muka aro majigi da lasifika, muka kafe farin zanin gado a bango da ƙusa, aka jawo wuta daga janareton mai aski. Tsofaffin unguwa suna jin kalmar majigi suka fito da tabarmi, wani yana ba da labarin wanda ake kawo musu a mota suna yara. 'Yan tireda, direbobi, 'yan kamasho, mata na leƙe daga zaure. Guda biyar aka nuna, kowane mai shi ne ya tashi ya faɗi sunansa kafin a kunna. Na ɗan bola jari ya tashi wurin, inda ya ɗaga girar nan sai da aka ce a mayar sau biyu. Na Baba kuwa tsit aka yi, minti shidan gaisuwar da muka so yankewa a nan ne wani direban Gusau ya miƙe yace ya san zuriyar, kakarsa 'yar can ce. Wani Alhaji mai shagon atamfa ya matso kusa da ni yana tambaya a hankali wai dama wannan ne ke kwana a rumfarsa? Shekara biyu, bai san sunansa ba, kamar ni dai.

Da aka gama mai unguwa yace to me ake so a yi, mutane har sun fara laluben aljihu. Ɗan bola jari yace su ba tara kuɗi suke so ba, wurin ajiya suke so. Aka yi ta shawara, ƙarshe shugaban 'yan tasha ya ba da wani mataccen firiza babba da ke bayan ofis, aka sa masa kwaɗo, makulli ɗaya wurin mai shayi ɗaya wurin maigadi, kowa da jakarsa da alama. Mai gidan wanka ya rage musu wani abu in da asuba ne. Abin da ya fito daga daren kenan, mataccen firiza da ragin wanka. Wanda bai taɓa kwana a kan kuɗinsa ba zai ga kamar wasa ne.

Kar in cika ku da daɗin baki. Cikin shida ɗin da suka rage uku ne suka sami ɗaki, kuma ɗaya ba ta dalilinmu ba ne, ƙaninsa ne ya zo ya tafi da shi. Ɗan bola jari ya tara ya kama ɗaki da wasu su uku a Tudun Jukun, yanzu in abokina na da biki biyu rana ɗaya shi yake riƙe masa waya ta biyu. Dattijon masaƙa ya rasu da damina. Memorinsa na wurina, ban san wa zan ba ba, ban kuma kunna ba don bai ce in kunna ba. Inna na nan a kangonta, mai kangon yace zai ci gaba da gini.

Maganar iyakokin gona kuwa direban nan ne ya ɗauki kwafi a memori ya kai Gusau, daga hannu zuwa hannu har ta kai ga babban ɗan Baba da ke tura ruwa a Mararraba. Da zai kira sai a wayata, don Baba ba layi, layi kuma yanzu sai da NIN. Sau uku muna zuwa wurin rajista ana cewa ba netwok, ga tambayar adireshi, mutumin da ke kwana a rumfa wane adireshi zai bayar, sai da mai unguwa ya rubuta mana takarda. Yanzu yana da layinsa, Alhajin atamfa kuma ya sa shi gadin wani gini da yake yi a Hanwa, akwai ɗaki ɗaya mai ƙofa. Ƙauyen dai har yanzu ba a koma ba.

Shekaranjiya ya zo shagon da yamma, yace ya tuna akwai wata gona ta fadama da ya manta, da wani bashi da ke tsakaninsa da wani da ba ya so ya tafi da shi. Na sa masa memorinsa na ɗaura safar na miƙa masa, ya danna da kansa ya ƙirga uku da yatsu, ya fara ni wane ɗan wane, yau Talata. Sai ya tsaya ya kalle ni. Yace, "Ɗana, wagga ba taka ba ta, ɗan ba ni wuri." Na ɗauki injin POS ɗina na fita na koma bencin mai shayi, kostoma na zuwa ina ce musu su dawo an jima, shagon da mutum a ciki.